Iskar Sama da Ƙananan Jirage Marasa Matuƙa

Masu ɗaukar hoton biki da na gonaki a Indabo da kewayen Wudil kan auna iska da abin da suke ji a jikinsu. Wannan awo yana ruɗi. Kusa da ƙasa, gidaje da bishiyoyin kuka da ɗorawa suna rage wa iska gudu. Da jirgi ya wuce kansu, babu abin da ke tare ta, sai ƙarfinta ya ƙaru.

Ƙaramin jirgi irin DJI Mini 2 yana jure iska mai gudun kusan kilomita 38 a awa. In ta fi haka, batir zai ƙare da wuri, wani lokaci ma jirgin ya kasa komowa.

Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar arewa maso gabas takan tsananta da hantsi, ƙura kuma ta ɓoye jirgin. A farkon damina, guguwa kan rigayi ruwa isowa daga gabas.

Saboda haka, a duba motsin ƙololuwar bishiya kafin tashi. A fara tafiya ana fuskantar iska, domin ta turo jirgin wajen dawowa. In jirgin ya ba da gargaɗin iska mai ƙarfi, a sauko da shi ƙasa-ƙasa nan take. Kada a haura mita 120, kuma a nemi izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA.