Robar Oksijin a Hancin Jariri Ba Sallama Ba Ce

Har yau a Tudun Wada da sauran unguwannin Zariya ana cewa wai da zarar an sa wa mara lafiya oksijin, to shi ke nan, sai haƙuri. Wannan tsoron ya sa wasu iyaye ke hana a sa wa jaririnsu, wasu ma su ɗauke shi su koma gida. Ajali na Allah ne, amma sau da yawa jaririn da ya rasu da roba a hanci an kawo shi ne a makare.

Bakwaini, wato wanda aka haifa kafin mako 37, huhunsa bai gama nuna ba. Yakan rasa wani ruwa mai santsi da ke hana ƙananan jakunkunan huhu mannewa, shi ya sa kowane numfashi ke zame masa aiki ja har ya galabaita.

Akwai hanyoyi biyu na tallafa masa ba tare da an zura bututu a maƙogwaro ba. Ta farko, 'yar roba mai baki biyu ce da ke hura masa oksijin gauraye da iska, mai ɗumi da danshi, kamar lita 2 zuwa 8 a minti. Ta biyu ita ce CPAP, wadda za a ga gorar ruwa a gefenta tana ɓulɓul. Tana riƙe huhun a buɗe. Duk biyun, jaririn ne ke numfashinsa da kansa. Wani bincike da aka yi a Ostireliya da Norway, wanda ya fito a 2016, ya nuna CPAP ta fi riƙe bakwaini a tashin farko, ita kuwa ta farkon an san ta fi sauƙi a hanci. A gida Nijeriya ma, Farfesa Hippolite Amadi ya ci kyautar kimiyya ta NLNG a 2023 saboda na'urorin numfashin jarirai da ya ƙera.

Sai dai oksijin magani ne, yana da ƙa'ida. In ya yi yawa yana iya lalata idon bakwaini. Don haka kada mai jinya ta murɗa na'ura ko ta zare robar don jariri ya yi kuka. A kira nas.

Uwa, kaka, ungozoma, ku buɗe rigar jariri ku duba ƙirjinsa. In numfashinsa ya kai 60 a minti, ko ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa, ko yana nishi, hancinsa na buɗewa, leɓensa ya yi shuɗi, ko ya ƙi kama nono, to ba lokacin hayaƙi ko ɗura ba ne. Kada a jira gari ya waye, balle ranar suna. A manna shi a ƙirjin uwa, fata da fata, a lulluɓe, a nufi asibiti mafi kusa, kamar na Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan. In an tura ku sashen jarirai na Asibitin Koyarwa na ABU da ke Shika, maigida ya nemo abin hawa nan take.