Masu Gadin Kunkurun Teku a Ƙauyen Ostional

A ƙasar Kosta Rika, can tsakiyar nahiyar Amurka, akwai wani ƙauye a bakin Tekun Pasifik ana ce da shi Ostional. Ƙauyen ba shi da girma, amma sunansa ya zaga duniya saboda wani irin kunkurun teku wanda Turawa ke kira Olive Ridley. Kada mai karatu ya zaci irin kunkurun dajinmu ne. Wannan ya fi kama da kififiya, ƙafafunsa kamar filafilin tuƙa kwalekwale, babbansa kuwa ya kan kai nauyin kilo 40.

Yawancin kunkurun teku ɗai ɗai matansu ke hawowa tudu su nasa ƙwai. Waɗannan kuwa gayya su ke yi. Su kan fito dubbai, wani lokaci fiye da dubu ɗari cikin 'yan kwanaki, har mutum ya rasa inda zai sa ƙafa. Mutanen wurin suna kiran wannan da harshen Sifaniyanci arribada, watau isowa. Galibi 'yan kwanaki kafin tsayuwar wata a ke yinta, sa'ad da dare ke da duhu, ta kuma fi ƙarfi da damina.

Kowace mace ta kan haƙa rami da ƙafafun baya, ta zuba ƙwai wajen 100, ta rufe, ta daddaɓe rairayin, ta koma ruwa. Shi ke nan, ba ta sake waiwayarsu. Zafin rairayi ne ke ƙyanƙyashe su bayan kamar wata ɗaya da rabi. Abin mamaki kuma, zafin nan shi ke raba jinsi: in ya yi yawa mata su kan fi yawa, in akwai sanyi-sanyi maza.

To, ga inda gizo ke saƙa. Fili kaɗan ne, masu haƙa da yawa. Waɗanda su ka zo daren biyu da na uku sai su tone ramukan na farko, su farfasa ƙwan. Fasasshen ƙwai ya ruɓe, ya ɓata rairayin, har mai kyau da ke kusa ya lalace. Mutanen ƙauyen kuwa tun da daɗewa suna ɗibar ƙwan su ci, su sayar. Da gwamnati ta hana, sai rigima ta tashi, aka kuwa ci gaba da ɗiba a ɓoye.

A 1987 aka yi sulhu. Doka ta yarda wa ƙungiyar mutanen ƙauyen su kwashi ƙwan da aka nasa cikin awa 36 na farkon isowa, tun da ya ke yawancinsa fashewa zai yi. Su kuma su ka ɗauki nauyin gadi. Su ne ke share gaɓa, su kwashe itace da tarkacen da ruwa ya koro, su yi sintiri da dare saboda ɓarayi. Ran da 'ya'yan su ka ƙyanƙyashe, mata da yara su kan fito tun asuba su yi ta korar ungulu da karnuka har 'yan ƙananan su shige ruwa.

Ban da 'yan gari, akwai masu aikin sa kai daga ƙasashe dabam dabam, da yawansu ɗalibai ne masu hutu. Ba a biyansu ko kwabo, su ne ma ke biyan kuɗin abinci da makwanci a gidajen 'yan ƙauyen. Aikin ba na ragwaye ba ne. Tafiya ce cikin rairayi tsakar dare, ga sauro, ga ruwan sama. Su ƙidaya kunkuru, su auna ƙoƙon bayansa, su maƙala masa lamba a ƙafa, su rubuta kome a littafi. Baƙaƙen tufafi su ke sawa, fitilarsu kuma ja ce, don farin haske ya kan firgita uwa ta koma ba ta nasa ba. Jarirai kuma wajen da ya fi haske su ke nufa, wanda a duhun dare shi ne gefen teku. In su ka hangi fitilar gida sai su ba ruwa baya, rana ta fito ta kashe su. Masana sun ƙiyasta cewa cikin dubu da ƙyar ɗaya ke girma.

Lalle ba kowa ya gamsu da shirin nan ba. Masu suka suna cewa, tun da akwai ƙwan halal a kasuwa, ɓarawon da ya sato nasa daga wata gaɓa sai ya ce na Ostional ne. Maganarsu da ƙamshin gaskiya. Don haka ne ƙungiyar ke zuba nata cikin jakunkuna masu tambari, a liƙe bakinsu kafin su bar ƙauyen. Amma a ganina wanda tuwon gidansa ke fitowa daga gaɓar nan ya fi ɗan sandan da aka turo daga birni sa ido a kanta, domin shi ya san in ƙwan bana ya ƙare a hannun ɓarayi, 'ya'yansa ba su da abin ɗiba nan gaba.