Ƙanƙarar Gaɓar Teku da Matsalar Sunayenta a Hausa

Duk wanda ya taɓa fassara rahoton sauyin yanayi zuwa Hausa a nan Yamai ya san inda gizo ke saƙar. Kalma guda, ƙanƙara, ita ke ɗauke da wadda ke zubowa da damina ta kakkarya gero, da wadda ake saye a leda lokacin azumi, har da dutsen ƙyastu. A ƙuryar arewacin duniya kuwa, ƙanƙarar bakin teku kaɗai iri-iri ce.

Saboda gishiri, ruwan teku ba ya daskarewa sai sanyi ya kai kusan digiri 1.8 ƙasa da sifiri. Idan hunturu ya kankama, wani sashe na ƙanƙarar yakan manne wa gaɓa, iska ba ta tafiya da shi. Inuwit na Kanada suna kiran wannan tuvaq, kuma a kanta suke bi zuwa farauta. Bakinta, inda ta haɗu da buɗaɗɗen ruwa, shi ne sinaaq. Akwai kuma wata siririya a gindin gaɓa: teku na cikowa yana janyewa, kowace cikowa ta bar ɓawo a kan na baya, har abin ya yi kauri kamar dakali.

Sai dai a yi hattara. A 1986 Laura Martin ta nuna yadda kalmomi huɗu na dusar ƙanƙara da Franz Boas ya ambata a 1911 suka yi ta kumbura a bakin marubuta har suka zama tatsuniya. Batun ƙanƙarar teku daban ne: ƙamus ɗin da aka buga a 2012 na mutanen ƙauyen Wales a Alaska ya tattara sunaye fiye da 100. Dalilin bai wuce wanda ya sa manominmu ya bambanta yayyafi da mamako ba. Mafaraucin da ya rikita sunaye biyu yana iya nutsewa.

Ƙanƙarar nan garkuwa ce ga gaɓa. Da ta fara jinkirin kamawa, guguwa ta riƙa cinye ƙasar Shishmaref, har mazauna garin suka kaɗa ƙuri'ar ƙaura a 2016. Irin wannan labari ba ya fassaruwa da kalma ɗaya tilo. A ganina "kafaffiyar ƙanƙara" ta dace da tuvaq, ta gindin gaɓa kuwa "dakalin ƙanƙara", ko da yake wani abokin karatuna ya ce dakali wurin zama ne, wannan kuwa ba mai marmarin zama a kansa.