Tawadar Allo Dabam, Ta Takarda Dabam

Duk ɗan Arewa mai komawa gida ta hanyar Lakwaja ya san Abaji, garin da aka yanko daga Jihar Kwara cikin 1976 aka sa a Yankin Birnin Tarayya. Malaman zaure a can, kamar na ko'ina, tawada biyu suka fi sani. Zuge, na gawayi da ƙaro, na allo ne, ruwa ke wanke shi. Yambari kuwa, na bagaruwa, shi ke kama takarda.

Haka 'yan boko. Kafin biro ya ci kasuwa, akawu kan ɗura wa alƙalaminsa Parker tawadar Quink, ya zaɓi shuɗiya mai duhu don ba ta saurin koɗewa.

To, jama'a, takardar bashi ko ta cinikin fili, a dubi tawadarta tukuna. Damina guda kan cinye shaida.