Ɓoye PIN kaɗai ba zai tsare maka kuɗinka ba

Tun makon jiya wani dogon saƙo yake yawo a zaurukan WhatsApp. Ya shigo na danginmu, ya faɗa na 'yan unguwa, na sake cin karo da shi a na tsofaffin ɗalibai. An yi masa take da sunan Babban Bankin Najeriya, amma babu sa hannun kowa, babu kwanan wata, a ƙarshe kuma ana roƙon mai karatu don Allah ya tura wa wasu. Wai nasiha ce kan yadda mutum zai kare katinsa na ATM idan zai yi sayayya ta intanet. Akwai gaskiya a cikinsa, kamar cewa kada ka bari mai POS ya tafi da katinka inda idonka ba ya kai, kuma kada ka rubuta PIN a jikin kati. Wannan 'yar gaskiyar ce ta sa mutane suka haɗiye sauran ba tare da taunawa ba.

Maganar cewa idan ɓarawo ya tsare ka a bakin ATM ka danna PIN ɗinka a juye, na'urar za ta kira 'yan sanda, ƙarya ce tsohuwa. Abin da na'urar za ta yi kawai shi ne ta ce ka yi kuskuren lamba. Maganar cewa ɗaga kiran wata lambar ƙasar waje yana kwashe kuɗin asusu ita ma ƙarya ce, amsa waya ba ya buɗe asusun kowa. Batun wanda zai goga maka POS a aljihu cikin cunkoson mota ya ci kuɗinka kuwa, ba zan ce ba zai taɓa yiwuwa ba ga katin da ake biya da shi ta taɓawa. Sai dai dole na'urar ta kusa manne wa katin, kuɗin kuma asusun mai suna da rajista za su faɗa, sannan tun 2023 Babban Banki ya ƙayyade irin wannan biya a naira 15,000 a lokaci guda, naira 50,000 a yini. Ba nan ɓarnar take ba.

Ɓarnar tana cikin layin da ya fi kowanne kwantar da hankali. Saƙon ya ce matuƙar ba ka faɗa wa kowa PIN ɗinka ba, ko katinka ya shiga hannun ɓarawo babu abin da zai iya yi da shi. Wannan ba gaskiya ba ne, kuma shi ne ainihin abin da ɗan damfara yake so ka yarda da shi.

Asusun da ke da kati kamar gida ne mai ƙofa biyu. PIN makullin ƙofar zaure ne, wato ATM da POS, inda sai an zo da katin kansa. Ƙofar intanet daban take, makullanta kuma a rubuce suke a jikin katin: doguwar lambar nan mai alƙaluma 16 (wasu katunan Verve har 19), wata da shekarar da katin zai ƙare, da lambobi uku na baya da ake kira CVV. Manyan shagunan intanet na ƙasashen waje ba sa tambayar PIN ko kaɗan, waɗannan lambobin suke karɓa, wasu ma ba sa jiran wata lambar tabbatarwa daga waya. An yi shekaru yawancin katunan naira ba sa aiki a shafukan waje saboda ƙarancin dala, amma a 2025 bankuna da dama sun sake buɗe wannan hanya. Don haka hoton kati gaba da baya yana iya zama kuɗi a hannun wanda ya same shi.

Nan fa sai mu duba ɗabi'armu. Uba zai biya wa ɗansa kuɗin makaranta ta Remita, bai iya ba, sai ya ɗauki hoton katinsa ya tura wa yaron kafen intanet. Uwargida za ta sayi atamfa a hannun wata mai talla a Instagram, aka ce mata biyan bai shiga ba, ta turo hoton katin a gwada mata daga can. Dukansu hankalinsu kwance, tunda ba su ba da PIN ba. Hoton kuwa yana nan zaune a wayar wani, ana iya sayar da wayar, ana iya sace ta, ana iya tura hoton gaba.

Makulli na ƙarshe shi ne OTP, lambar nan, galibi mai alƙaluma shida, da banki yake turowa ta saƙon waya idan ana ƙoƙarin cire kuɗi. Ita ce sa hannunka. Duk wanda ya riƙe lambobin katinka, ita kaɗai ta rage masa a wurare da yawa, kuma ba shi da hanyar samunta sai daga bakinka ko daga layinka.

Wata 'yar uwarmu mai sana'ar turaren wuta ta ba ni labarin yadda aka yi da ita, kuma tsarin kiran ya cancanci a saurare shi da kyau. Mutumin ya kira ta da cikakken sunanta, da Hausa tsantsa, cikin ladabi. Ya ce, "Hajiya, daga banki ne. Mun ga ana ƙoƙarin cire kuɗi daga asusunki, ke ce?" Ta ce ba ita ba ce. Ya ce, "To kada ki damu, yanzu za mu toshe. Amma Hajiya, don Allah kada ki faɗa min PIN ɗinki, banki ba ya tambayar PIN. Duk wanda ya tambaye ki PIN ɓarawo ne." Da jin haka zuciyarta ta natsu, don abin da ta saba ji ke nan. Sai ya ce ta karanto masa lambobin katin domin ya san wanda zai toshe, sannan wata lamba za ta shigo wayarta ta karanto masa. Ta karanto. Wayar tana kunnenta alat ya shigo, kuɗin odar da wata amarya ta ba ta sun tafi.

Ban ga laifinta ba. Saƙon da ke ɗauke da OTP da Turanci yake zuwa, gargaɗin da ke cikinsa na kada a faɗa wa kowa shi ma da Turanci. Mutane da yawa ba da son ransu suka koma biya da kati da tiransfa ba, ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ne ya tura su, kuma babu wanda ya zaunar da su ya yi musu bayani. Abu guda da aka nanata musu shi ne su ɓoye PIN, suka kuwa riƙe shi da kyau. Ɓarayin sun san haka, shi ya sa suke fara magana da wannan nasihar domin a amince musu.

Ka riƙe wannan da tabbaci: babu banki da yake buƙatar OTP ɗinka domin ya toshe kati, ko ya dawo da kuɗi, ko ya gyara BVN, ko ya haɗa asusu da NIN. Banki shi ya tura lambar, kuma aikinta amincewa da fitar kuɗi ko shigar da wata sabuwar na'ura cikin asusunka. Sanin sunanka ko ranar haihuwarka da mai kira ya yi ba shaida ba ne cewa daga banki yake, irin waɗannan bayanai suna yawo a takardun cike fom da shafukan tallafin bogi da mutane suke cikawa. Ka kashe wayar, ka kira lambar da ke bayan katinka da kanka.

Akwai kuma wani abin da saƙon bai ko ambata ba. Idan ka biya sau ɗaya a wata manhaja kuma ta ajiye katinka, tana iya sake cire kuɗi daga baya ba tare da PIN ko OTP ba, domin amincewar farko ta ba ta izini. Haka biyan wata-wata na manhajojin kallo yake aiki, haka kuma manhajojin ba da bashi suke karɓar kuɗinsu. Kafin ka sa katinka a inda aka ce za a cire naira hamsin kawai don gwaji, ka san cewa ƙila izini kake bayarwa mai ɗorewa.

Saƙon ya kuma ce duk shafin da ya nemi PIN na ɓarayi ne. A Najeriya abin bai kai haka sauƙi ba, domin kamfanonin karɓar kuɗi na halas irin su Paystack, Flutterwave da Interswitch sukan nemi PIN a kan wasu katuna kafin a turo OTP. Shafin bogi ma yana nema. Abin dubawa shi ne yadda ka isa shafin: kai ka buɗe shagon da ka sani da hannunka, ko wani ne ya turo maka mahaɗi yana cewa ka yi sauri garaɓasa za ta ƙare? Alamar kwaɗo da saƙon ya ce tana nuna shafi amintacce ne, abin da take nufi kawai shi ne wani ba zai leƙa bayananka a hanya ba. Ba ta ce komai a kan halin mai shafin ba, kuma ana samunta kyauta. Google ma ya cire ta daga Chrome a 2023 saboda yadda mutane suke yi mata gurguwar fahimta.

Katin ATM ba katin bashi ba ne, kai tsaye yake ɗiba daga kuɗinka, shi ya sa nake ganin babbar kariya ita ce ka raba asusu. Jarinka da ajiyarka su zauna a asusun da katinsa ba ya shiga intanet, ka buɗe wani ƙarami na sayayya, ka riƙa tura masa daidai abin da za ka kashe. Manhajojin bankuna da yawa suna ba da damar kashe biyan intanet a kan kati ko rage iyakarsa. Ka sa wa layinka lambar sirri ta kansa, domin wanda ya sace waya layin yake nema, can OTP yake zuwa. Idan layinka ya mutu haka kawai alhali na kusa da kai suna da sabis, kada ka bari sai gobe, ƙila wani ya yi walkam-bak da shi, wato ya karɓi sabon sim a kan lambarka. Ka kuma rubuta lambar toshe asusu ta bankinka a takarda tun yanzu, don ana iya danna ta daga wayar wani. Ta Zenith *966*911# ce, ta Access *901*911#. Wanda aka riga aka cuta ya toshe katin nan take, ya kai ƙorafi a rubuce, ya karɓi lambar ƙorafin. Idan bankin bai warware ba bayan mako biyu, Sashen Kare Haƙƙin Abokan Hulɗa na Babban Banki yana karɓar ƙara. Samun kuɗin ba tabbas ba ne, musamman idan mai asusu ne ya karanto OTP da bakinsa, amma saurin kai rahoto yana ba da damar riƙe su kafin a watsa su cikin wasu asusu.

Haushina yana kan masu ilimin cikinmu da suka tura wannan saƙo. Wanda ya sa shi a zauren danginmu ma'aikaci ne mai digiri, kullum da manhajar banki yake aiki, minti biyu ya ishe shi ya ga cewa Babban Banki ba ya fitar da sanarwa babu sa hannu babu kwanan wata. Da na yi masa magana sai ya ce shi ma turo masa aka yi. Iyayenmu mata da ke zauren sun karɓa ne saboda daga hannunsa ya fito. Abin da ya kamace shi yanzu shi ne ya goge saƙon, ya yi musu saƙon murya da Hausa, ya faɗa musu cewa lambobin jikin kati da lambar da ke shigowa waya sirri ne daidai da PIN, kuma duk wadda ta taɓa tura hoton katinta ta je banki a toshe shi a ba ta sabo.