Kowa na Jin Hausa, Ba Kowa Ake Fahimta Ba: Nazari kan Aikin Ba da Shawara a Gombe

A unguwa irin Manawashi, cikin garin Gombe, da Hausa ake ciniki, da ita ake rigimar kuɗin haya, da ita yara ke wasa a bakin layi. Amma da an wuce zaure an shiga tsakar gida sai baki ya sauya. Nan Fillanci ake yi, gidan da ke kusa Tangalanci, can gaba Teranci ko Bolanci, ga kuma Barebari da Margi da Babur da rikicin Borno ya koro. Wannan cuɗanya arziki ce ga Gombe, amma ita ce ta sa aikin da ke yaɗuwa yanzu, na zama da mai damuwa a saurare shi a ba shi shawara, ya fi wuya a nan fiye da yadda masu yin sa suka ɗauka. Hausar da ta haɗa mu a kasuwa tana ruɗar ma'aikaci, ya zaci tunda ya ji abin da mutum ya ce, to ya gane abin da ke damunsa.

Tun fil azal wanda abu ya dama yana da wurin zuwa: kawu ko goggo, limami ko fasto, in abin ya girma a kai gaban mai unguwa. Sabon abu shi ne mayar da aikin sana'a, da ofis da takardar cikewa da albashi. A Nijeriya daga makaranta aka fara, a kwalejin St. Theresa ta Ibadan a 1959, sannan manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta sanya shi cikin tsari. Shekara da shekaru bai wuce taya ɗalibi zaɓen fanni ba.

Yaƙi ne ya fito da shi daga aji. A 2014, da Damboa da Gwoza da Bama da Buni Yadi da Mubi suka faɗa hannun Boko Haram, jama'a suka kwararo Gombe, kuma akasarinsu gidajen dangi da ɗakunan haya suka shiga, suka saje da mutanen gari. Gombe kanta ba ta tsira ba: bam ya tashi a tashar Dukku a Disambar 2014, wasu suka tashi a babbar kasuwa a Yulin 2015 ana cefanen ƙaramar salla. Ƙungiyoyin agaji suka shigo da shirye-shiryen kwantar da hankali. A 2016 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da Operation Safe Corridor, wanda sansaninsa ke Malam Sidi a ƙaramar hukumar Kwami, inda ake zaman sauya tunanin tubabbun mayaƙa. Sai kuma shaye-shaye: binciken da aka yi a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu ta'ammali da ƙwaya a ƙasar, kuma Gombe ce kan gaba a Arewa maso Gabas da fiye da kashi 20 cikin 100. A Janairun 2023 aka sanar cewa Shugaba Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958. Buƙata ta yi yawa cikin ƙanƙanin lokaci, aka ɗebi ma'aikata da sauri, horo bai riski aikin ba.

A ɗauki uwa Bafulatana da ta kawo saurayin ɗanta wanda ya daina barci ya daina ci. An tambaye ta sunansa, ta kau da kai ta ce wa ƙanwarta, "Faɗa masa." Har aka gama zama ba ta dubi yaron ba, in za ta ambace shi sai ta ce "wannan". Wanda ya koyi aikin a littafi kaɗai zai rubuta cewa babu shaƙuwa tsakanin uwa da ɗa, watakila ma ya ɗora mata alhakin ciwon. Alhali ɗan fari ne, kunyarsa take ji, kuma ita ta sayar da akuyarta ta biya kuɗin mota. Da ma'aikacin ya ce, "Inna, a hannun wa ya tashi?" da an ambata masa kaka ko goggo, wadda ita ce za ta zauna ta ba shi labarin yaron tun daga yaye. Haka kuma ma'aikacin da ya tashi a gidan kulle, in ya haɗu da matar da ta saba miƙewa ta yi magana a taron zumuntar mata na coci, ta dube shi ido cikin ido ta zayyana laifin mijinta, yana iya ɗaukar hakan tsiwa, ya soma yi mata nasihar haƙuri tun bai ji ƙarshen maganar ba. Duka biyun da Hausa aka yi zaman, duka biyun kuma an tashi ba a fahimci juna ba.

Mutanenmu ba kasafai suke cewa suna cikin ciwon damuwa ba. Jiki suke nunawa. "Malam, ƙirjina ke zafi, kaina ya yi nauyi, wani abu na yawo a jikina." A kan wannan ake ba dattijo maganin zazzaɓin cizon sauro, a sake ba shi na taifot, a koma na gyambon ciki, kuɗi na ƙarewa a kemis. Tambayar da za ta buɗe ƙofar ba ta da tsada: "Baba, tun yaushe abin ya soma? Me ya faru a gida a lokacin?" A nan ne ake jin labarin ɗan da ya fita tun ranar gudu, ba gawa ba labari.

Takardun gwajin da ake fassarowa daga Turanci su ma suna da nasu cikas. In an tambayi mai imani ko ta fid da tsammani, amsarta "Alhamdu lillahi" ce, domin yanke ƙauna daga rahamar Allah zunubi ne a wurinta, Musulma ce ko Kirista. In an ce, "Kin taɓa tunanin kashe kanki?" sai ta ce "A'uzu billahi", a rubuta cewa lafiya lau take. Ga tsoron Allah, ga surutun unguwa, ga kuma doka, don sashe na 231 na kundin Penal Code da jihohin Arewa suka gada ya mayar da yunƙurin kashe kai laifi mai ɗaurin da zai iya kai shekara guda. Gogaggiyar ma'aikaciya takan bi ta gefe: "Yaya, akwai lokacin da kike jin gara ma Allah ya ɗauki ranki ki huta?" Wannan tambaya ana amsa ta, sau da yawa da hawaye.

Batun tafinta ya fi ci mini rai. Tsohuwar da ta zo daga Bama tana da Hausar sayen manja da gishiri, amma ba ta da Hausar faɗin abin da aka yi wa 'yarta a daji. Sai a waiga a kira wanda ya rako ta, jikanta ko surukinta, a ce ya fassara. Wace uwa ce za ta furta irin wannan magana a gaban suruki? Sai ta ce ciwon ƙafa ne ya kawo ta.

Mafi girman wurin saɓani shi ne tushen ciwon. Kafin iyali su iso asibiti, galibi sun riga sun yanke abin da ke faruwa: iska ce, ko sammu, ko jarrabawa. An yi ruƙiyya, an sha rubutu, ko an kwana ana addu'a a coci. Ma'aikacin da ya yi murmushin raini ya ce babu wani aljani, ya rasa iyalin nan take, za su yi masa godiya su tafi, ba zai ƙara ganinsu ba. Ba kuma lallai ne ya yarda da fassararsu ba. Yana iya cewa, "A ci gaba da addu'a, Baba, amma a haɗa da wannan magani, a dawo mini bayan sati biyu." Wannan hanya ba daga waje aka aro ta ba. Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya kafa tsarin ƙauyen Aro a Abekuta, inda majinyata ke zama da danginsu a gidajen mutanen ƙauye, yana kuma aiki da masu maganin gargajiya. A 2020 mujallar Lancet ta buga binciken da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta a Ibadan da Kumasi, wanda ya nuna masu taɓin hankalin da ma'aikatan lafiya da masu maganin gargajiya ko na addini suka haɗu a kansu sun fi samun sauƙi.

To me ya hana wannan zama ruwan dare? Da farko dai horon ne. Da Turanci ake karantar da ɗalibai, daga littattafan da aka rubuta domin mutumin da ke zuwa shi kaɗai, ya rufe ƙofa, ya yanke wa kansa shawara. A nan mara lafiya da miji da uwar miji da wa yake zuwa, kuma mai biyan kuɗin magani ke da ta cewa. Su kansu Amurkawa sun gane gurguncin tsarin nasu: tun 1982 Derald Wing Sue da abokan aikinsa suka soma tsara ƙwarewar da ake buƙata wajen hulɗa da mabambantan al'umma, kuma a 2013 kundin cututtukan ƙwaƙwalwa na likitocinsu ya ƙara jerin tambayoyi kan yadda majinyaci ke fassara ciwonsa. Sai ƙarancin hannu. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 ba su kai 300 ba, kuma wanda layi ke jiransa a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe ba shi da sararin doguwar gaisuwa, alhali a wurin dattijo gaisuwar ce mabuɗin magana. Ayyukan ƙungiyoyin agaji kuma na wa'adi ne, kafin ma'aikaci ya san gidajen unguwa kuɗin shirin ya ƙare.

Akwai kuma amana. Gombe jiha ce da addini da ƙabila ke da kaifi, kamar yadda rikicin sarautar Mai Tangale a Billiri ya nuna a Fabrairun 2021. Kirista na iya ɗari-ɗarin buɗe cikinsa ga Musulmi, Musulmi ma haka, kowa na tsoron a yi masa wa'azi maimakon a saurare shi. Ma'aikacin da ya jawo aya daga littafin da ba na mai damuwar ba, ko da zuciya ɗaya ya yi, ya tabbatar masa da abin da yake tsoro.

Sai dai ina ganin haɗari a maganin da ake kawowa. Bitar kwana biyu da ke koya wa ma'aikata cewa Fulani kaza suke, Tangale kaza suke, Barebari kaza suke, ba ta haifar da komai sai kuɗin goro. Bafulatanar da ta tashi a Tudun Wada ta yi digiri a Jami'ar Jihar Gombe ba ɗaya take da ta rugar Dukku ba, kuma 'yar auren gauraye tana iya ɗauke da al'adu biyu a gida ɗaya. Babu wanda zai haddace ƙabilun jihar nan duka. Abin da za a iya koya shi ne tambaya: me kuke kiran wannan ciwo a gida, me kuke ganin ya kawo shi, wa kuka riga kuka gani, wa ke yanke shawara? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Haka nan girmama al'ada na da iyaka, kuma dole a faɗe ta. A Satumbar 2019 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawa da mari a ƙafa da tabon duka a baya. Iyayen da suka kai su sun yi ne da niyyar gyara, don ba su ga wata ƙofa a buɗe ba. Ma'aikacin da ya ga sawun mari a idon sawun yaro, ko yarinyar da ake shirin aurarwa tana kuka, ya yi shiru wai kada ya taɓa al'ada, ya ci amanar aikinsa. Sanin al'ada amfaninsa a nan shi ne ya san ta bakin wa zai shiga, kawu ne ko limami, don a kwance yaron ba tare da iyalin sun gudu da shi ba.

Abin da unguwa irin Manawashi ke buƙata bai fi ƙarfin jiha ba. A Harare ta Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna kan benci a harabar ƙananan asibitoci suna sauraron masu damuwa da harshen Shona, kuma binciken da aka buga a 2016 ya nuna aikin nasu na rage ciwon sosai. Muna da irin waɗannan mata: ungozoma, malaman Islamiyya, shugabannin zumuntar mata, masu jin harshe biyu ko uku, waɗanda dama su ake kai wa kuka. A horar da su, a haɗa su da asibitin da za su tura abin da ya fi ƙarfinsu. A riƙa rubuta harshen gida a katin majinyaci, a tanadi tafinta mace wadda ba dangi ba. Sannan a sauya abin da ake ƙirgawa. Rahotannin ayyuka sun fi son adadin mutanen da aka zauna da su, alhali adadin da zai nuna ko an fahimce su shi ne na waɗanda suka dawo zama na biyu da ƙafarsu, a rarrabe su bisa harshe da jinsi, don a ga su wane ne ke ɓacewa bayan zaman farko.