Ganuwar Kano: Katangar Da Ta Rungumi Talaka Tana Neman Mai Ceto

A shekarar 1066 ne Wiliyam, shugaban Nomandi ta arewacin Faransa, ya ci Ingila da yaƙi a Hestins. Da yake mutanensa 'yan tsiraru ne a cikin al'ummar da ba ta ƙaunarsu, sai suka dinga tara ƙasa su yi tudu, su kafa hasumiyar katako a bisa, su kewaye ta da rami da shinge. Daga baya dutse ya maye gurbin katako, kamar Farar Hasumiya ta Landan da aka soma wajen 1078. Manufar ita ce kare mai mulki daga waɗanda yake mulka.

A daidai wannan zamani, Kano ta ɗauki wata hanya dabam. Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya aza harsashin ganuwa, ɗansa Tsaraki ya kammala. Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya faɗaɗa ta, haka ma Muhammadu Nazaki a ƙarni na 17.

Ganuwar ta haɗe sarki da talaka wuri guda. Ta kewaye Dala da Goron Dutse da Kasuwar Kurmi, har da filayen noma, domin idan abokan gaba suka yi wa birni ƙawanya, mutanen ƙauye su shigo da dabbobinsu, abinci kuma kada ya yanke. Da jar ƙasa da tubali aka gina ta, aka haƙa rami a bayanta, kowace ƙofa kuma da Sarkin Ƙofa mai rufe ta da dare. Da yake ruwan sama na cin ginin ƙasa, bayan damina jama'a kan fito aikin gayya su yi mata yaɓe.

Ranar 3 ga Fabrairun 1903 igwar Turawan Ingila ta buɗe musu hanyar shiga birnin, lokacin Sarki Alu yana Sakkwato. Amma abin da igwa ta bari, sakaci ya ƙarasa. Da aikin gayya ya mutu, zaizaya ta samu gindin zama. Masu gini suka ɗebi ƙasarta, gidaje da shaguna suka hau kanta, wasu ƙofofin kuma aka rushe su don faɗaɗa titi, aka mayar da na siminti.

Hasumiyar Landan ta shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO tun 1988. Ganuwar Kano kuwa tun 2007 take jerin masu jiran gado. Kula da ita na wuyan Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda ke ƙarƙashin gwamnatin tarayya, don haka makomarta na rataye da kasafin da ake tsarawa a ofisoshin Abuja. Kowace damina da ta wuce ba a yi yaɓe ba, wani sashen ganuwar na komawa turɓaya.